Ƙonewa ya yi ko ƙona shi aka yi? Gardama kan tsohon gidan opera na Alƙahira

Daga zauren tsofaffin ɗaliban Masar

Abban Humaira: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, kuma ba ni da inda zan amayar sai nan. Na raka ɗan yayana Azbakiyya sayen littattafai, muna fitowa ta dandalin da ake kira Opera ya ce min, "Baffa, to ina operar?" Na waiga dama na waiga hagu, babu abin nunawa sai mutum-mutumin Ibrahim Basha a kan dokinsa da wani ƙaton garejin kankare mai hawa-hawa. A nan fa gidan opera, wato gidan wasan kwaikwayo na waƙa, da mai mulkin Masar Khidiwi Isma'il ya gina a 1869 ya tsaya, wanda aka buɗe da wasan Aida don bikin mashigin ruwan Suwez. Shekara 102 yana tsaye, a 1971 suka ƙona shi, suka dasa wurin ajiye motoci a kan tokarsa. Mutanen da za su yi wa tarihinsu haka, su daina cika mana baki da cewa Masar ce Ummud Dunya, uwar duniya.

Maman Walid: Wa alaikumus salam. Abban Humaira, su wa suka ƙona shi? Ƙonewa ya yi. Gobara ce ta tashi da asubahin 28 ga Oktoba 1971. Akwai tazara mai nisa tsakanin "ya ƙone" da "suka ƙona". Ta farko ƙaddara ce, ta biyu tuhuma ce, kuma al'umma guda ka ɗora wa.

Abban Humaira: Hajiya, maganar gareji nake yi.

Maman Walid: A'a, ka fara gyara kalmar tukuna. Mutanen nan sun riƙe mu shekara da shekaru, sun karantar da mu, wasunmu ko sisi ba mu biya ba.

Injiniya: Kafin a yi nisa, Yaya, akwai wani gyaran. Ba da Aida aka buɗe gidan ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1869 aka buɗe shi da Rigoletto, shi ma kamar Aida na Verdi ne, mai tsara kiɗan nan ɗan Italiya, sannan aka buɗe mashigin ranar 17 ga watan. Aida sai 24 ga Disamba 1871 aka fara nuna shi, fiye da shekara biyu bayan nan. Har jinkiri aka samu saboda tufafin 'yan wasa da kayan dandamali sun maƙale a Paris lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya. Shi kansa Verdi bai taka ƙafarsa Alƙahira ba ranar.

Abban Humaira: Na karɓi wannan, ƙanina, Allah ya ƙara sani. Amma dai a gidan aka fara nuna shi a duk duniya, ko? To wannan ma ya isa a ce ba a bar wurin ya zama gareji ba.

Ɗan Damagaram: Ni ina bayan Abban Humaira. Ƙona shi aka yi. Wani tsoho mai gyaran agogo a Ataba, kusa da dandalin, ya taɓa gaya min da idonsa ya ga mutane suna cinna wa gine-ginen dandalin nan wuta.

Injiniya: Tsohonka bai yi ƙarya ba, amma shekarar ka haɗa. Abin da ya gani gobarar Alƙahira ce ta 26 ga Janairu 1952, lokacin da masu zanga-zanga suka ƙona otal ɗin Shepheard da gidajen sinima da wuraren shaƙatawar Turawa. Waccan kam ƙonawa ce da gangan, amma gidan opera ya tsira daga gare ta, ya ƙara shekara 19 a tsaye.

Ɗan Damagaram: To gidan da ya tsira ranar da gari duka yake ci da wuta, shi ne zai tashi kawai ya kama da asuba babu kowa a ciki? Ruwa ba ya tsami banza, Injiniya.

Injiniya: Bari in yi bayani a matsayina na mai aikin gini, don wannan ne fagena. A cikin wata shida kacal aka gina gidan nan, saboda Khidiwi yana so ya kammala kafin baƙinsa su iso, cikinsu har da Eugénie matar sarkin Faransa. Ba'italiye ne ya zana shi, Pietro Avoscani, yana kwaikwayon gidajen opera na ƙasarsu irin La Scala ta Milan. Zauren a lanƙwashe kamar kofaton doki, ƙananan ɗakuna jere a jikin bango hawa bisa hawa, ana zama a ciki ana kallon dandamali, mutum wajen 850 yake ɗauka. To wanda zai tsayar da irin wannan a wata shida, da me zai yi? Da katako. Mafi yawan jikinsa katako ne aka bi shi da ado da ruwan zinariya. Katakon nan kuwa shi ne sirrin daɗin sautinsa, domin yana amsa murya kamar yadda ƙoƙon gurmi yake amsa tsirkiya, mawaƙi ba ya buƙatar lasifika. Amma ku lissafa: katako ya shekara ɗari yana bushewa a zafin Alƙahira, ga labulaye, ga zanen bango na kyalle da fenti, ga tufafin wasa na shekara ɗari a jibge, ga tsofaffin wayoyin lantarki. Sannan saman dandamali dogon rami ne a tsaye inda ake rataye labulaye, in wuta ta kama can, iska take ja sama kamar bututun hayaƙi. Irin wannan gini tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ba a Masar kaɗai ba, na Barcelona ya ƙone a 1994, na Venice ya ƙone a 1996.

Abban Humaira: Madalla, da bakinka ka kawo Venice. Wancan ai kotu ta tabbatar masu aikin lantarki biyu ne suka cinna masa wuta. Kuma me mutanen garin suka yi? Suka sake gina shi a inda yake, yadda yake, aka buɗe a 2003. Na Barcelona ma a 1999 ya dawo. Wannan ita ce maganata tun farko.

Maman Walid: Don an ƙona na Venice sai ya zama an ƙona na Alƙahira? Wace irin hujja ce wannan? Kawo mana hukuncin kotu ɗaya.

Ɗan Damagaram: Hajiya, kowa ya san surukanki 'yan Shubra ta Alƙahira ne, shi ya sa ba a taɓa Masar a gabanki.

Maman Walid: Malam, ka tsaya a kan magana, ka bar gidana. Ban taɓa sa iyalinka a bakina ba.

Baba Shugaba: A kiyaye harshe don Allah. Ɗan Damagaram, ka janye wannan.

Ɗan Damagaram: Na janye, Baba. Hajiya ki yi haƙuri. Amma ƙonawa ban janye ba.

Ustaz: Ni abin da ya ba ni mamaki, ɗaliban ilimi ne suke makokin gidan kaɗe-kaɗe. Ko ƙonewa ya yi ko ƙona shi aka yi, me al'umma ta rasa? Gareji aƙalla yana amfanar mai neman wurin ajiye mota. Ku tambayi kanku da kuɗin wa aka gina shi. Da bashin bankunan Turai. Faran 150,000 aka biya Verdi shi kaɗai, alhali manoman karkara suna nishi da haraji. Ƙarshenta a 1875 Isma'il ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar na mashigin Suwez a kan kusan fam miliyan 4, a 1879 aka tuɓe shi, a 1882 sojan Ingila suka shigo suka zauna. Wannan shi ne tarihin da kuke kuka a kansa.

Abban Humaira: Allah ya gafarta Malam, ban ce Isma'il waliyyi ba ne. Amma in bashi ne laifin, ai shi ya gina fadar Abidin, a zamaninsa aka shimfiɗa titunan tsakiyar gari da muke bi kullum, a zamaninsa aka kafa Darul Kutub da Darul Ulum da Malam yake yabo. Su ma a rushe su a yi gareji?

Ustaz: Kada ka haɗa ɗakin karatu da gidan goge.

Autan Bu'us: Akaramakallahu, ina neman afuwa, ni ƙarami ne. Amma ba goge kaɗai ake yi a irin wurin ba. A sabon gidan opera na tsibirin Jazira duk shekara ana bikin waƙoƙin Larabci, kuma ana kawo masu inshadi da yabon Annabi.

Ustaz: Ɗana, ka gama haddar Alfiyya tukuna kafin ka zo kana ba ni labarin Jazira.

Injiniya: Tunda Auta ya ambaci sabon, ya kamata Yaya ya yi adalci. Ba a bar birnin haka ba. An yi shekara 17 babu, gaskiya ne, amma ranar 10 ga Oktoba 1988 aka buɗe sabo a tsibirin Jazira, da ka haye gadar Ƙasrun Nil mai zakuna. Babban zaurensa mutum 1,200 yake ɗauka, ga ƙaramin zaure, ga dandalin waje. Kuma ni a idona ya fi tsohon dacewa da garin: ƙubbobi da bakuna irin na ginin Musulunci, launinsa kamar rairayi, ba kwafin Milan ba. Kyauta ce daga Japan bayan ziyarar Shugaba Mubarak can a 1983.

Ɗan Damagaram: Kyauta! Ka ji ko? Na farko Ba'italiye ya zana da kuɗin bashi, na biyu Japan ta ba su sadaka. Ina nasu?

Maman Walid: Kyauta ya ce, ba sadaka ba. Kullum sai kun canza kalma.

Ɗan Damagaram: Abin da aka ba ka ba ka biya ba, sunansa ɗaya. Kuma wannan Isma'il ɗin da Abban Humaira yake yabo, ba shi ake jingina wa cewa ƙasarsa ta bar Afirka ta zama yankin Turai ba? A wasan Aida ma, 'yar sarkin Habasha aka mayar baiwa a fadar Fir'auna. Shekara huɗu bayan nan ya tura soja Habasha da gaske, suka sha kashi a Gundet a 1875, suka sake sha a Gura a 1876. Ni a matsayina na baƙar fata, gidan nan ba nawa ba ne.

Abban Humaira: Ɗazu kana bayana, yanzu kuma ka ce gidan ba naka ba ne?

Ɗan Damagaram: Ina bayanka a kan ƙonawa, ba a kan kuka ba.

Maman Walid: Masu cewa "ina nasu", ku duba na gida. Babban gidan wasan Iganmu a Legas, wanda aka gama a 1976 don FESTAC 77, 'yan Bulgeriya suka gina shi, kuma kwafin wani gini ne na birnin Varna. Shekara nawa ya yi yana lalacewa kafin bankuna su ɗauki nauyin gyaransa? Wanda gidansa yake yoyo ba ya yi wa maƙwabci dariyar damina.

Ɗan Damagaram: Wannan tsakaninku ne 'yan Najeriya, ni ban da ni.

Autan Bu'us: Ai shi har suna an canza masa, an sa na Wole Soyinka a 2024.

Ustaz: Wannan ma wata maganar ce da ya kamata a tattauna, me ya sa shi.

Baba Shugaba: Ba yau ba, Malam.

Abban Humaira: Jama'a, kun kai ni Habasha, kun kai ni Legas, har yanzu babu wanda ya amsa min. Na yarda an gina sabo a Jazira, kuma yana da kyau. Tambayata ita ce filin tsohon. Ko lambu a yi, ko a tsayar da bangon gaba yadda yake, yaro in ya zo ya ga alama. Wutar nan ba katako kaɗai ta ci ba, ta ci tufafin da aka fara wasan Aida da su, ta ci kayan kiɗa da takardun waƙa na shekara ɗari. Sunan yana nan a dandalin, abin babu. Wannan ne yake min ciwo.

Maman Walid: A 1971 Sina'i tana hannun Isra'ila, Sadat bai fi shekara ɗaya a mulki ba, duk abin da ƙasar ta samu shirin yaƙin 1973 yake tafiya. Wa zai ɗauki kuɗin harsashi ya sayi labule? Kuma har yanzu ba ka janye "suka ƙona" ba.

Abban Humaira: Garejin ai ba a lokacin yaƙi aka gina shi ba, Hajiya.

Maman Walid: Kalmar dai.

Baba Shugaba: To, dare ya yi, bari in rufe. Abin da zaure ya tsaya a kai: gidan ƙonewa ya yi, kamar yadda Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa a kan katako da wayoyi, kuma Abban Humaira ya amsa kuskurensa. An tabbatar Masar ba ta yi sakaci da tarihinta ba, tunda ta samar da wanda ya fi na da girma da kyau. Mu da muka sha ruwan Nilu shekara da shekaru, bai dace a ji irin wannan tuhuma daga bakinmu ba, kuma ina yaba wa Hajiya da ta tsaya a kan gaskiya. Maganar Malam ta bashi tana da ƙarfi, amma ta zamanin sarakuna ce, ta wuce. Batun gareji ƙaramin abu ne, wanda ya taɓa neman wurin tsayawa a Ataba ya san amfaninsa. Kada a sake tayar da maganar.

Abban Humaira: Baba, ranka ya daɗe, kuskuren Aida na amsa, shi kaɗai. A gyara wannan layin don Allah.

Ɗan Damagaram: Ni ko sunana ba a ambata ba.

*Baba Shugaba ya taƙaita tura saƙo ga shugabannin zaure kaɗai.*