Magen da ɓeraye suka kai kabari: sarki ne ko mage ce kawai?

Malam Sani: Jama'a, ku dubi tsohon hoton nan na Rasha, irin wanda suke kira lubok. Ɓeraye sun ɗaure mage tamau a kan abin ja na ƙanƙara suna jan ta zuwa kabari, wasu na kiɗa, wasu ɗauke da abinci kamar ranar biki. Ni na ce Sarki Pita Mai Girma ake wa habaici, wanda ya mutu a 1725.

Hajiya Binta: Malam, ina shaida? Mage ce fa, ba rawani, ba komai.

Malam Sani: Hajiya, a karanta kirarin da ake wa magen: ta Kazan, hankalin Astirakan, basirar Saiberiya. Haka ake jera sunayen ƙasashe a cikin laƙabin sarkin Rasha. Ga gashin bakin magen kamar na Pita. Kuma mutumin ya sa wa gemu haraji, masu riƙe da tsohon tsarin cocin Rasha sun tsane shi. Rovinsky, da ya tattara waɗannan hotuna ya buga a 1881, shi ma haka ya fassara.

Auwalu: Yallaɓai, Rovinsky ya zo ne bayan shekara ɗari da hamsin da mutuwar sarkin. Zanen duniya ta kife kuwa tsohon abu ne a Turai tun kafin a haifi Pita: zomo na gasa maharbi, sa na yanka mahauci. Ɓera ya binne mage ai ɗan gidansu ne.

Malam Sani: Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, Auwalu.

Hajiya Binta: To ai kasuwar ce matsalar. 'Yan koli ke yawo da su ƙauye-ƙauye, manomi ya saya ya manna a bango, galibi bai iya karatu ba. Kirarin naka wa zai karanta masa? Abin da idonsa ya gani shi ne mugu ɗaure, ƙanana na rawa. Launin ma da hannu ake shafa shi a gurguje, ja ya tsallake layi ya hau kunnen ɓera, ba ruwan kowa.

Auwalu: Kuma an ci gaba da buga shi har ƙarni na 19, lokacin da ba mai jin haushin Pita.

Malam Sani: Saboda kowane zamani da magensa. Wannan bai goge na farkon ba.

Hajiya Binta: Ka ga ka sauko kenan, Malam.

Malam Sani: Ban sauko ba. Ku bayyana min Astirakan tukuna.