Neman shawara: yaya sarautar Baron Inchiquin ta tsallaka zuwa wani gida a 1855?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum malamaina. Ina haɗa jadawalin waɗanda suka riƙe sarautar Baron Inchiquin ta gidan O'Brien a ƙasar Ailan, don wani aikin makaranta kan gadon sarauta. Na bi layin lafiya har 1855, sai na ga mai riƙe da ita ya rasu, wasu sarautunsa sun mutu tare da shi, ita kuwa wannan ta faɗa hannun wani Sir Lucius O'Brien wanda ba ɗansa ba ne, ba ƙaninsa ba. Ta yaya aka yi haka? Me ya hana 'ya'ya mata gado? Kuma a ina zan samu hujjar da zan kafa?

Malam Mai Darasi: Wa alaikumus salam, 'yata. Kin ɗauko zancen daga wutsiya, ki koma 1543. Kafin lokacin gidan O'Brien, zuriyar Brian Boru, babban sarkin Ailan wanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014, su ne sarakunan Thomond, yankin da yawancinsa yake cikin gundumar Clare a yau. A al'adarsu ba dole ɗan fari ya gaji uba ba. Duk namijin da ya haɗa kakan uba da sarki yana da haƙƙi, a cikinsu ake fitar da mai jiran gado, ana ce masa tánaiste, sunan da har yau suke kiran mataimakin firaministansu da shi. Ya yi kama da yadda masu zaɓen sarki suke duba 'ya'yan gidan sarauta a wajenmu. Ta wannan hanya Murrough O'Brien ya gaji wansa Conor, aka tsallake ɗan Conor mai suna Donough.

A 1543 Murrough ya je Greenwich ya miƙa ƙasarsa ga Sarki Henry na 8, aka mayar masa da ita bisa dokar Ingila tare da sarauta biyu, Earl da Baron, matakan sarautar Turawa ne, Earl yana sama da Baron. Kowace da takardar naɗinta, kuma abin da takarda ta faɗa shi ne ke yanke gado. Earl na Thomond an ba shi iya tsawon ransa, in ya rasu ta koma ga Donough ɗan wansa. Baron Inchiquin kuwa an rubuta ta gare shi da 'ya'ya maza na tsatsonsa. Da ya rasu a 1551 sai sarautun suka rabu gida biyu. Sulhun bai hana jini zuba ba, domin a 1553 Donough ya mutu bayan harin da ɗan'ubansa Donal ya kai masa, shi yana neman sarauta ta tsohuwar al'ada. Layin Earl na Thomond ya ƙare a 1741, ki cire shi daga lissafinki.

Barista: Ƙanwata, ƙa'idar guda ce: in ba takarda ta ambaci wani daban ba, kowace sarauta tana gangarowa ne daga mutumin da aka fara naɗawa a kanta, ba ta hawa sama ta nemi kakanninsa. Ki jera su ki gani. Baron na 6, Murrough wanda aka yi wa laƙabi da mai ƙone-ƙone saboda ɓarnar da ya yi a yaƙe-yaƙen shekarun 1640, ya samu ƙarin girma zuwa Earl na Inchiquin a 1654. Earl na 5 ya zama Marquess na Thomond, matakin da ke sama da Earl, a 1800. Saboda haka James O'Brien da ya rasu a 1855 rawani uku ne a kansa: Marquess na 3, Earl na 7, Baron na 12. Bai bar ɗa namiji ba. Aka duba masu haƙƙin sarautar 1800, babu namiji, ta mutu. Aka duba zuriyar wanda aka naɗa a 1654, babu, ita ma ta mutu. Ta 1543 ce mai dogon saiwa. Murrough na farko yana da wani ƙaramin ɗa, shi ma Donough, wanda zuriyarsa suka zauna a Leamaneh sannan Dromoland cikin gundumar Clare, suka samu muƙamin baronet, na gado ne mai laƙabin Sir da ke ƙasa da Baron, a 1686. Sir Lucius shi ne baronet na 5 a wannan layi, maza zalla tun daga tushe. Ya zama Baron na 13.

Maganar mata kuwa, kalmomin takardar ne suka rufe ƙofa, kuma sun rufe ta har ga ɗan da 'ya mace ta haifa. Haka ɗan riƙo da wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba. Ki duba abin da ya faru kusa-kusa: Baron na 16 'ya'ya mata ya bari, da ya rasu a 1968 ƙaninsa ya hau, a 1982 ɗan ƙaninsu Conor ya zama na 18. Shi ma mata biyu ya haifa, da ya rasu a 2023 sarautar ta koma ga wani ɗan'uwansu ta wajen uba.

Malam Mai Darasi: Barista, a ƙara mata da cewa Lucius bai tashi kawai ya ɗaura rawani ba. Sai a 1862 kwamitin Majalisar Iyayen Ƙasa ta Landan ya amince da hujjarsa, shekara bakwai bayan rasuwar James. Abin da ya nema a takarda shi ne haƙƙin kaɗa ƙuri'a, domin tun haɗewar Ailan da Birtaniya a 1801 masu sarautar Ailan ba su da kujera kai tsaye a majalisar, a wancan zamanin mutum 28 suke zaɓa daga cikinsu su wakilce su. Wani abin ban sha'awa, ƙaninsa William Smith O'Brien shi ne ya jagoranci boren 1848 na adawa da mulkin Birtaniya, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi kora zuwa Tasmaniya. Laifin ƙani bai taɓa haƙƙin wa ba.

Mai Adana Takardu: Kan batun hujja, ki yi wa kowane mataki na jadawalin tambaya uku: auren iyaye ya tabbata, haihuwar ta zo bayan auren, sannan duk wanda ya girme shi a layi ya mutu bai bar namiji ba. Ta ukun ce ke kayar da mutane. Nuna cewa wane ɗan wane ne abu ne mai sauƙi, nuna cewa wani kawu da ya tafi yaƙi Faransa bai bar baya ba shi ne aiki.

Kada ki dogara da rajistar gwamnati, ba ta kai can ba. Rajistar haihuwa da mutuwa ta kowa da kowa a 1864 ta fara. Ga kuma gobarar watan Yunin 1922 a ma'adanar takardu ta Four Courts a Dablin, lokacin yaƙin basasa, wadda ta cinye wasiyyoyi da littattafan coci masu yawa. Abin da ya tsira ya ishe ki: takardun gidan Inchiquin suna Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa a Dablin, ofishin rajistar cinikin filaye yana da bayanai tun 1708 kuma yarjejeniyar aure ta manyan gidaje tana lissafa magada da suna, sannan akwai taƙaitattun wasiyyoyin da Sir William Betham ya kwafa tun kafin gobarar.

Ki yi hattara da maimaita suna. Murrough, Donough, Conor da William suna ta yawo a gidan kamar Muhammadu da Abubakar. Ki rubuta shekarar rasuwa a gefen kowane suna, in ba haka ba za ki haɗa Donough ɗan wa da Donough ɗan ciki, jadawalin duka ya karkace.

Barista: Abu ɗaya da kada ki cakuɗa. Tsarin mulkin Ailan na 1937, sashe na 40, ya hana gwamnati naɗa kowa irin wannan sarauta, don haka ba a Dablin ake tabbatar da magajin Inchiquin ba, a Landan ne, inda tun 2004 ake da kundin masu sarauta kuma sai ka kawo hujja a saka sunanka. Shugabancin dangi, wato a kira mutum "The O'Brien", wani abu ne daban. Ofishin tantance nasaba na Dablin ya kasance yana ba da shaidar girmamawa a kai, ya daina a 2003 bayan an gano a 1999 cewa wanda aka amince da shi a matsayin MacCarthy Mór, wato shugaban dangin MacCarthy, da nasabar jabu ya zo. Gida ma ba ya bin rawani: fadar Dromoland an sayar da ita a 1962 ga wani Ba'amurke, yanzu otel ce.

Ɗalibar Tarihi: Allah ya saka da alheri. Zan raba jadawalin layi uku, 1543, 1654 da 1800, in ja na Dromoland daga Murrough na farko.

Mai Adana Takardu: Ki sa na huɗu na baronet daga 1686, domin tun 1855 su biyun suke tafiya a kan mutum ɗaya. Lambar baronet ki ƙara mata 8 ta ba ki lambar Baron.