Me za mu kira Jan Hus da Hausa, mujaddadi ko mai gyara?

Mai fassara:
Malamai, barkanku da aiki. Ina sanya rubutun Hausa a ƙasan wani wasan kwaikwayo na tarihi mai kashi uku, wanda gidan talabijin na ƙasar Cek ya shirya a 2015 domin cika shekara 600 da ƙona Jan Hus, malamin addinin Kirista da ya fara wa'azi da harshen mutanensa a majami'ar Baitalami ta birnin Prag tun 1402. Kalmar da ta tsaya mini ita ce wadda Turawa suke kiransa da ita, wato reformer. Zuciyata ta fi karkata ga "mujaddadi", domin gajeriya ce, tana shiga layi guda, kuma babu Bahaushen da zai nemi a yi masa bayaninta. Ina neman shawararku kafin in tsayar.

Malamin Larabci:
Malam, Allah ya taimaka, amma ina ganin a bar mujaddadi inda take. Asalinta hadisin nan ne da ya zo cikin Abu Dawuda, cewa a kan kowace shekara ɗari Allah yana tayar wa wannan al'umma wanda zai jaddada mata addininta, kuma a ƙasar Hausa da an ambace ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ake tunawa. Wanda ya kira mutum mujaddadi ya riga ya shaida cewa mutumin a kan gaskiya yake, alhali mai fassara ba alƙali ba ne. Musulmi mai kallo zai ji an ɗora rawanin a kan da ba nasa ba, ɗan Katolika kuma zai ji an yanke wa cocinsa hukunci tun kafin a fara wasan.

Malamar tarihi:
Na yarda da Malam, kuma ina ƙara cewa kada a rubuta "ɗan Furotesta", domin wannan suna bai samu ba sai a 1529, a taron birnin Speyer, shekara 12 bayan Martin Luther, malamin addinin Kirista na Jamus, ya fitar da batutuwansa 95 na sukar wasu ayyukan cocin Katolika. Hus ya mutu yana ɗaukar kansa ɗan cocin da ya hukunta shi. Abin da ya tsananta rigimarsa da manya shi ne takardun yafe horon zunubi da aka shiga sayarwa a Prag a 1412 domin tara kuɗin yaƙi da sarkin Naples, a zamanin da mutum uku suke iƙirarin kujerar Paparoma. Ya soki cinikin a fili, ya kuma koyar da cewa Almasihu ne shugaban Ikilisiya, yana bin sawun John Wycliffe na Ingila a wasu ra'ayoyinsa. Ya tafi babban taron shugabannin coci a birnin Konstanz na Jamus a 1414 da takardar amana daga Sigismund, sarkin Jamus, aka tsare shi duk da haka, aka nemi ya janye maganganunsa, ya ce sai an nuna masa kuskurensa daga Nassi. Ranar 6 ga Yuli, 1415 aka ƙona shi, aka zuba tokarsa a kogin Rhine. Maganarsa "gyara kayanka" ce, wadda Hausawa suka ce ba ta zama "sauke mu raba", ko da yake bayansa yaƙe-yaƙe suka ɓarke a ƙasar Cek tun daga 1419. Saboda haka kalmar da ta dace dole ta fito daga gyara.

Fasto daga Numan:
Gaskiyar Malama ce, kuma mu da muke wa'azi da Hausa gyara muke cewa. Sai dai a kula da abin da ke biye da ita. Idan aka rubuta "mai gyaran coci", mai kallo zai hango magini a kan tsani da kwanon rufi a hannu, domin a bakin jama'a coci gini ne, Ikilisiya kuwa taron masu bi. "Mai neman gyara" ma tana da tarko, tunda mota idan ta lalace cewa ake yi tana neman gyara. Ina ba da shawarar "mai kiran gyaran Ikilisiya", domin kira ya yi, ba a bar shi ya gyara da hannunsa ba.

Mai fassara:
Na gode ƙwarai. Zan rubuta "mai kiran gyaran Ikilisiya" a karon farko, daga nan in taƙaita zuwa "mai kiran gyara", jam'i kuma "masu kiran gyara", wanda zai ɗauki Wycliffe da Luther duka. Wannan a bakin mai ba da labari ke nan. A bakin alƙalan Konstanz, waɗanda suka ɗora masa doguwar hular takarda mai zanen shaiɗanu da rubutun da ke kiransa shugaban masu karkatacciyar koyarwa, zan sa "jagoran 'yan bidi'a", sai dai idan Fasto yana da kalmar da ta fi zama daidai a kunnen masu bi.