Na samu aikin lojistik a wata ONG ta yara, ku ba ni shawara

Hadiza: Assalamu alaikum ƴan zaure. Alhamdu lillahi an ɗauke ni mataimakiyar mai lojistik a wata ONG, ƙungiyar agaji mai zaman kanta, nan Maraɗi, ran Litinin zan fara. Kayan tamowa ne, da sabulu da gidan sauro da kayan lakwal. Mi ya kamata in fara kamawa? Kuma wa ya san mai kamiyo na amana da ke yin hanyar Dakoro?

Rabi: Barka ƙanwata! Allah sa albarka. Walima fa?

Sani Direba: Ma sha Allah. Abu na farko, ki girmama direbobi.

Malam Isufu: Ɗiyata barka. Ran da kika shiga, kada ki karɓi makullin magaza sai an ƙirga komi gabanki, ke da wanda za ki gada, an rubuta, ku biyu kun sa hannu, shef ya buga hatimi. In sun ce ai katin kaya daidai yake, ki ce to, mu ƙirga dai.

Bari in ba ki labarin abin da ya same ni lokacin da nake riƙe da magaza a wata ƙungiya. Kamiyo ya iso daga Yamai da Plumpy'Nut, abincin maganin tamowar yara na cikin sashe, ana gab da magariba, ƴan dako na sauri, direba na cewa zai juya da asuba. Ƙa'idarmu a lokacin kwali ake ƙirgawa, muka ƙirga, ya cika cif. Da kayan suka isa wani CSI, wato ƙaramin gidan likita, sai majo, shugaban wurin, ya kira ni, wai ya buɗe kwali ya tarar da sashe 120 maimakon 150. Na tafi da kaina. An farke kwalin ta gindi, an zare na ƙasa, an cusa gutsattsarin kwali, an maida salatif sabo fes. Ta sama ba ka ganin komi. Mai kamiyo ya ce shi ya sauke lafiya ga takarda, ofis ya ce sa hannuna ne a kan bon, takardar karɓar kaya. Aka yi ta kirana bincike, har unguwa ana kallona wani iri. Daga baya an gano a hanya ake yi, amma babu wanda ya zo ya ce mini yi haƙuri.

Saboda haka ki nemi sikeli tun makon farko. Kowane sashe giram 92 ne, 150 a kwali, kilo 13.8 kenan ban da nauyin kwalin kansa. Ki zaro daga tsakiyar lodi ki auna, ki juya ki duba gindi. Abin da kika gani, jiƙa ko yagewa ko ragi, ki rubuta a jikin bon KAFIN ki sa hannu, direba ya sa nasa. Kuma kayan dare su kwana cikin mota da gardi, a sauke da safe.

Sani Direba: Kullum direba ne ɓarawo ke nan, Malam.

Malam Isufu: Ban kama sunanka ba Sani.

Sani Direba: Ai ku ƴan ofis haka kuke. Ku zauna cikin sanyi ku lissafa gazuwal kamar kan kwalta aka tahi. Ku shiga yashin wajen Barmo da kat-kat ku gani ko mota na shan abin da kunka rubuta.

Hajiya Zeinabu: Sani na da gaskiya a nan. Amma littafin mota dole a cika shi, kilomita na fita da na dawowa.

Hadiza, ni daga ɓangaren likita zan yi miki magana. Kwali ɗaya kusan maganin yaro ɗaya ne daga farko har ya warke, haka ake lissafi. In ya yanke a CRENAS, inda ake ba uwa sashe ta kula da yaro a gida, uwa ta yi tafiyar ƙafa da goyo ta koma hannu wofi, mako mai zuwa ba lallai ta dawo ba, sai dai ki gan ta a CRENI, inda ake kwantar da masu tsanani, yaron ya kumbura. Yara sun fi yawa daga Yuni zuwa Oktoba, rumbu ya yi ƙasa ga zazzaɓin cizon sauro, kuma lokacin ne koramu ke yanke hanya. To kayan damina tun Mayu ake tura su ƙauye. Kar ki jira majo ya kira ki, ke za ki riƙa kiransa kina tambayar saura nawa.

Abdu Tibiri: Kwali a kan palet, katakon ɗora kaya, ba ƙasa ba, kuma a bar rata da bango yadda mutum zai wuce. Gara ba ta wasa da kwali.

Rabi: Da ɓera. Gyaɗa da sukari da madara fa, ai biki ne gare shi 😂

Hajiya Zeinabu: Da zafi. Ƙasa da digiri 30 aka ce a ajiye, ku tuna magaza mai rufin kwano a watan Afrilu. Kar a jera har kusa da rufi. Kuma wanda ranarsa ta fi kusa shi ke fara fita, ko da shi ya zo daga baya. Wata 24 ne ransa, wani ya ci rabi kafin ya iso gare ki.

Hamani: Musamman kayan da ke zuwa daga waje. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, abin da da ake saukewa Kwatano sai ya bi ta Lome da Burkina, ana jiran rakiyar sojoji. Ki tambayi shef wane kaya ne na STA, masana'antar da ke yin Plumpy'Nut a Yamai, wane ne na jirgin ruwa, don lissafin oda ba ɗaya ba ne.

Abdu Tibiri: Bazabarme ya iya lissafi yau, abin mamaki.

Hamani: Bagobiri, ubangidanka na magana ka yi shiru. Ba don mu ba da har yanzu da jaki kuke kai kaya Gidan Rumji.

Abdu Tibiri: Jakin dai bai taɓa cin gazuwal ɗin faroje ba.

Sani Direba: Ka ga an dawo kaina.

Rabi: Ni abin da zan ƙara, dangi. Da sun ji kina magaza za a fara, ba ni biskit biyu yarona bai cin abinci, ba ni gidan sauro ɗaya. Ki ce makulli ba hannunki yake ba, ko da yana cikin jakarki. Sashe ɗaya aka gani a tebur ɗin mai shago da lambar lodinku, ke za a fara tambaya.

Malam Isufu: Ki rubuta lambar lodi a kowane bon na fita, ita za ta wanke ki.

Hadiza: Na gode Baba, na gode Hajiya, duk na kwafe a littafi. Maganar mai kamiyon Dakoro fa?

Hamani: Ba ke za ki zaɓa ba ai. Farashi uku ake karɓa a kwatanta, kwamiti ya zauna. Ki kawo ɗan uwanki ki ga yadda masu bincike za su yi da ke.

Sani Direba: Ni dai in an tura ki wajen Madarumfa ko Gidan Rumji ta bakin iyaka, ku fita da wuri ku juyo kafin la'asar, kuma kar ki sa hoton tahiya a Facebook sai kin dawo.

Abdu Tibiri: Wai har yanzu ana ɗaukar ƴan dako a wajenku? Akwai ƙanena zaune.

Rabi: Yarinya ba ta ma ga kujerarta ba ka fara kai mata ƙane.

Abdu Tibiri: Tambaya na yi.

Rabi: Hadiza ba ki amsa maganar walima ba. Ni kilishi nake so, ba lemu ba.

Hamani: A bar Bagobiri ya biya.