Dokokin wasannin 'yan mata da ɗakin canza kaya a jihohin Amurka: yaya abin yake a wajenku?

Maman Ummi, Houston: Salamu alaikum iyaye. Tun da Idaho ta buɗe ƙofa a 2020, jihohi fiye da 20 sun yi dokar cewa ƙungiyar wasan 'yan mata ta waɗanda aka haifa mata ce kawai, ban da waɗanda suka sauya jinsi. Mu nan Texas tun 2021 takardar haihuwa ake bi, a 2025 kuma aka ƙara dokar banɗaki a gine-ginen gwamnati, wato kowa ya shiga na jinsin da aka haife shi da shi. Ba cacar baki irin ta talabijin nake nema ba, mai 'ya a makaranta ya faɗi abin da ya gani. Ummi tana gudu. Ranar rajista na miƙa takardarta ta Hukumar Ƙidaya, wadda muka karɓa a Kano har ta yi wayo. Matar ofis ta juya ta gaba da baya, ta ce doka na son jinsin da aka rubuta kusa da lokacin haihuwa. Sai da na koma gida na ɗauko fasfo. Mu nawa ne aka yi wa takarda ranar suna?

Baban Yasmin, Columbus: Wa alaikumus salam Maman Ummi. Ni kam ina bayan dokar, ba ɓoye-ɓoye. Gwamna DeWine na jiharmu Ohio ya hau kujerar na ƙi, majalisa ta tsallake shi a Janairun 2024, daga baya ta banɗakin makarantu ta biyo. Yasmin a ɗakin canza kaya take cire hijabi ta gyara kanta kafin ƙwallon kwando. Da, sai ta shige banɗaki ta kulle, kayanta a kafaɗa. Yanzu hankalinta kwance, nawa ma haka. Kuma a Ohio ɗin nan aka soke sakamakon wata yarinya Musulma a tseren 2019 saboda hijabi, sai a 2022 aka yi dokar da ta hana irin haka. To wa zai ce mini kada majalisa ta shiga harkar wasan yara?

Hajiya Babba, Salt Lake City: Baban Yasmin, ban ƙi ta taka ba, amma ka ji tawa. Autata doguwa ce, ta ɗauko kafaɗar ubanta, ga gashi a yanke saboda iyo. Wata rana ana tsakar wasa, ta kwace ƙwallo, sai wani uba daga bayana ya ɗaga murya wai a binciki mai lamba kazan nan. Ina zaune riƙe da gorar ruwanta. Na juya na ce ni na haife ta. Ya sunkuyar da kai, amma yarinya ta riga ta ji. A mota ba ta ce uffan ba, washegari ta nemi in saya mata 'yan kunne, ita da ba ta son su.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2022 hukumar wasannin sakandare ta Utah ta bi takardun wata yarinya tun daga nazare, don iyayen waɗanda ta kayar sun yi ƙorafi. Aka tarar mace ce tun fil'azal. A shekarar ne Gwamna Cox na Utah ya ƙi sa hannu a irin wannan doka, ya ce cikin yara kusan 75,000 masu wasa, huɗu ne suka sauya jinsi, ɗaya ce tak a ƙungiyar mata. Majalisa ta tsallake shi. Yanzu duk yarinyar da ta fi tsara ƙarfi, ido na kanta.

Anti Rabi, Orlando: Allah ya huci zuciyarki Hajiya. Mu a Florida, a da fom ɗin lafiyar 'yan wasa har tambayar al'ada yake yi, yaushe ta fara, yaushe ta ga ta ƙarshe. Ni ban taɓa cika wurin ba, wannan tsakaninta da likita ne. Da aka so mayar da shi dole, iyaye suka yi ca, aka cire a 2023.

Malam Ɗanjuma, Minneapolis: Nan Minnesota babu irin dokar, yaro na wasa a ƙungiyar jinsin da ya ce shi ne, shi ya sa ake ta ja-in-ja da gwamnatin tarayya tun umarnin Trump na Fabrairun 2025 na hana waɗanda suka sauya jinsi shiga wasannin mata. Ban jira kowa ba. Na je wurin shugabar makaranta tare da wasu iyaye 'yan Somaliya, muka nemi wurin da 'ya'yanmu za su canza kaya su kaɗai. Aka ba su wani ɗan ɗaki mai sakata kusa da ofishin koci. Maganar gasa kuwa tana nan, don sakata ba ta raba wanda ya fi wani gudu.

Baban Yasmin: Hajiya, mutumin nan bai kyauta ba, wallahi. Amma rashin tarbiyyarsa ce, ba laifin doka ba.

Hajiya Babba: Kafin dokar bai taɓa buɗe baki ba, ƙanena, kuma shekara da shekaru muna zama benci ɗaya.

Maman Ummi: Malam Ɗanjuma, ɗakin nan a rubuce kuka nema ko da baki? Akwai taron iyaye ranar Alhamis, ina so in tafi da takarda a hannu.