Neman shawara: gwiwa ta fara hana ni gudu, shin in koma Pilates?

Malama, mai tambaya:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena da ƙannena. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni, kuma ku yi haƙuri da tsawon bayanin. Ni malamar makarantar firamare ce a nan Maraɗi, shekaruna 48, ƴaƴana shida. Tun ina koleji nake buga ƙwallon hannu, har an sha tafiya da mu Damagaram da Tawa wasa, kuma bayan na yi aure, duk da surutun dangin miji, ban daina motsa jiki ba. Da na haifi autana jikina ya buɗe ƙwarai, sai na tara wasu abokan aikina muka riƙa fita bayan sallar asuba muna zagaya filin wasa da gudu, ranar Asabar kuma mu ƙara da tsalle da igiya. Ni na roƙi mazajen wasu suka bar su, ni nake kiran kowa a waya idan sanyin hunturu ya sa lalaci, kuma lokacin da rigimar adashi ta so ta raba mu, ni na bi gida gida na sasanta. A yau wasu daga cikin waɗanda na jawo da kyar sun fi ni sauri, kuma ina yi musu murna har zuciyata.

Tun bayan damina gwiwata ta dama take ciwo, musamman wajen sujada da zaman tahiya da saukowa daga kabu-kabu, wani lokaci kuma ƙuguna ya riƙe. Na je an duba ni, an ba ni magani. Ɗiyata da ke karatu a Yamai ta turo mini bidiyon wani motsa jiki mai suna Pilates, wanda ake yi a kwance a kan shimfiɗa, ana ɗaga ƙafa a hankali ana lura da numfashi, ta ce in bar gudu in koma shi. Na gwada, amma ko gumi ban yi ba, don haka raina bai kwanta da shi ba. Shin wannan zai tsaya a madadin gudu, ko ƙibar da na sha wahala na rage za ta dawo? Kuma da wane baki zan gaya wa matan da na tara cewa ni na janye?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam, Yaya Malama, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai gani nake ki gode wa Allah da kika samu mijin da ya bar ki kina fita. Tun da na haifi tagwaye nake fama da ciwon baya, na roƙi maigida ya bar ni in riƙa ɗan takawa da safe ko da zuwa bakin titi ne, ya ce matar aure ba ta yawon asuba. A cikin gida kuma tsakar gida ɗaya muke da abokiyar zamana, idan na shimfiɗa tabarma na fara miƙe ƙafa, kafin azahar labari ya kai wa uwar miji. Idan wannan abin ana iya yin sa a cikin ɗaki a rufe ƙofa, ni ma ina so.

Hajiya Babba:
Malama, ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya bayan dogon aiki a ɗakin haihuwa, kuma zan gaya miki gaskiya kamar yadda zan gaya wa ƙanwata. Kin ba mu tarihin ƙungiyarku tun daga tushe, amma abin da muke bukata kin tsallake shi. Me likita ya ce ya samu gwiwar? An ɗauki hotonta? Tana kumbura? Wane magani aka ba ki? Nawa ne awon jininki, kuma al'ada ta ɗauke miki ko da saura? Mata da yawa al'ada tana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma daga nan ƙashi yakan fara rage ƙarfi da sauri saboda raguwar istirojin, wato sinadarin jikin mace. Idan kuma maganin rage ciwo irin diklofenak ko ibufurofen kike haɗiya kullum domin ki samu ki yi gudu, ki sani suna iya taɓa ƙoda, su jawo gyambon ciki, su kuma ƙara hawan jini.

Shawarata ita ce ki ajiye gudu da tsalle tun yau, ki koma tafiya da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda numfashi ke ɗan hawa amma ana iya magana. Tafiyar minti 30 a kwana biyar na mako ta cika wannan. Kwanciya a tabarma ana ɗaga ƙafa kuwa ban ga abin da za ta yi wa zuciya ba.

Ƴar Bagalam:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ina tare da ke a kan tambayoyin da kika yi, amma ki ba ni dama in kare Pilates kaɗan, domin aikin gashin ƙashi na karanta kuma muna amfani da irin waɗannan motsi ga masu ciwon baya. Wanda ya ƙirƙiro shi Bajamushe ne, Joseph Pilates, an haife shi a 1883, ya rasu a 1967. Ya inganta tsarin ne lokacin da aka tsare shi tare da wasu Jamusawa a tsibirin Man a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wurin da babu fili mai yawa kuma babu kayan aiki, kuma har yau da yawa daga cikin motsin ba su bukatar komai sai shimfiɗa. Daga baya ya buɗe wurin horo a New York, inda masu rawa da suka ji rauni suka riƙa zuwa wurinsa domin su farfaɗo.

Tanti Malama, rashin gumi ba ya nufin ba a yi aiki ba. Manufar Pilates ita ce ƙarfafa tsokokin ciki na can ciki, da na gefen ƙashin baya, da na ƙasan mara, da na ɗuwawu da cinya. Gwiwa ba ta riƙe kanta, tsokar gaban cinya da ta ƙugu ne ke daidaita ta a kowane taku, kuma idan sun yi rauni nauyin yakan sauka a kan guringuntsi. Wannan ƙa'idar ta 2020 da Hajiya ta kawo, a cikinta an ce a ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, kuma a nan ne Pilates yake da gurbi. Ba zai ƙone kitse kamar gudu ba, wannan gaskiya ne, don haka haɗa shi ake yi da tafiya. Sai dai ki kiyaye bin bidiyo ido rufe. Macen da ta haihu sau shida tana iya samun rabuwar tsokar ciki a tsakiya, kuma motsin da ake tashi zaune daga kwance yana iya ƙara turo cikin waje. Mai raunin ƙashi ma ba a so ta riƙa lanƙwasa bayanta gaba da ƙarfi. Kada kuma ki riƙe numfashi yayin da kike yunƙuri, domin hakan yana ɗaga jini nan take.

Malama, mai tambaya:
Na gode, Hajiya, na gode, ɗiyata. Likitan bai yi dogon bayani ba, ya danna gwiwar ya ce shekaru ne, ya rubuta ƙwayoyi, ni kuma ban ga dalilin kashe kuɗin hoto ba tunda ba faɗuwa na yi ba. Maganar tafiya kuwa, Hajiya, kullum da ƙafa nake zuwa makaranta, a tsaye kuma nake yini gaban allo, amma hakan bai hana ni yin ƙiba a baya ba. Gudu ne ya sauke mini jiki, shi ya sa nake jin nauyin rabuwa da shi. Ranar Asabar da ta wuce na ɗaure gwiwar da bandeji na yi zagayena lafiya lau, sai da yamma ne ta ɗan yi nauyi. Ba taurin kai nake yi ba, na san jikina.

Inna ta Tibiri:
Ƴaƴana, duk wannan wahala ta samo asali ne daga barin aikin gida. Iyayenmu sun yi surfe da daka, sun ja guga a rijiya, sun ɗauko itace daga bakin gulbi, ba su san wani Bature mai koya musu kwanciya a tabarma ba. Yanzu ko gero tiya ɗaya ne sai an kai inji. Matar ɗana da nake zaune da ita, turmin da na ba ta tun tarewarta yana bayan ɗaki rana tana dukansa, ita kuma kullum kukan ciwon baya, na yi magana a ce na sa mata ido. Malama, ki samu wanzami ya yi miki ƙaho a gwiwar ya fitar da mataccen jini, ki riƙa shafa man kaɗanya da dare kina gasawa da ruwan ɗumi, ki ba ta hutu wata guda ba gudu ba tsalle.

Hajiya Babba:
Inna, ki gafarce ni, amma waɗannan iyayen namu ni na karɓe su a asibiti, na ga bayan da ya tanƙware da mahaifar da ta zazzago saboda ɗaukar kaya masu nauyi ana cikin jego. Ruwan ɗumi da man kaɗanya ba su da laifi. Ƙaho kuwa ban yarda da shi a kan gwiwa ba, domin askar da ba a tsabtace ba tana ɗaukar ciwon hanta daga wani zuwa wani, kuma ciwon gaɓa ba mataccen jini ba ne. Hutun wata guda a zaune ma tsokar cinya zai ƙara kashewa.

Ke kuma Malama, gwiwar da ta yi nauyi da yamma ta riga ta ba ki amsa, jiki magayi ne. Tafiyar zuwa makaranta ana gaisawa da mutane a hanya ba ita nake nufi ba, ina nufin tafiyar da za ki ji zuciyarki tana bugawa. Ƙiba kuma daga kwano ake fara rage ta, a sukarin shayi da na fura da lemun kwalba da soye-soyen biki. Duk kilo ɗaya da kika sauke, kusan kilo huɗu kika ɗauke wa gwiwa a kowane taku. Har yanzu kuma ba ki gaya mini awon jininki ba.

Tanti ta Ali Ɗan Sofo:
Ni na bi wannan hanyar, shekaruna 52. Na bar tsalle-tsalle na koma Pilates, kuma gaskiyar magana ciwon bayana ya ragu sosai, ina tashi daga tabarma ba tare da na dafa bango ba, fitsarin da ke kufce mini idan na yi atishawa ma ya yi sauƙi. Nauyina dai bai motsa ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wata mai horarwa da muka haɗa kuɗi muka biya ta na wata uku, ta zo ƴan kwanaki ta daina ɗaukar waya, har yau ba mu ga kuɗinmu ba, kuma ni aka bari da jin kunya domin ni na kawo ta. Tun daga nan a waya nake bi, ga tsadar intanet. Ki samu shimfiɗa mai kauri, domin tabarma a kan siminti tana cin ƙashin baya, kuma idan zafin Afrilu da Mayu ya zo ki yi shi da sassafe.

Ƴar Bagalam:
Hajiya, a wuri ɗaya na saɓa miki. Ba kowane mai ciwon gwiwa ne ake hana gudu har abada ba, kuma gudu matsakaici shi kaɗai ba a tabbatar yana cinye gwiwa mai lafiya ba. Abin da muke dubawa shi ne yadda gaɓar ta karɓi aikin. Idan ciwon ya lafa kafin washegari kuma babu kumburi, ana iya ci gaba a rage yawa. Idan ta kumbura, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko ta saki mutum yana tsaye, to a dakata a koma wurin likita. Tsalle da igiya dai ni ma ina ganin ya kamata Tanti Malama ta ajiye shi yanzu.

Hajiya Babba:
Ɗiyata, karatunki yana da kyau, amma kin ba ta igiyar da za ta kama. Macen da ba a san abin da ke cikin gwiwarta ba, ba a ce mata ta ci gaba da gudu.

Malama, mai tambaya:
Hajiya, ba ɓoyewa nake yi ba. Bara an auna ni an ce jinina ya ɗan hau, aka ɗora ni a kan magani, na sha na wani lokaci, da na ga ba na jin ciwon kai kuma ina gudu lafiya sai na ajiye shi. Abin da na yanke yanzu shi ne in riƙa yin Pilates da yamma a ɗaki, in bar igiya kamar yadda Ƴar Bagalam ta ce, amma gudun Asabar ba zan iya barinsa ba, domin idan ban fito ba na san rabin matan nan ba za su fito ba.

Hajiya Babba:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama, hawan jini ba ya jiran ciwon kai kafin ya yi ɓarna, kuma ba a ajiye maganinsa sai da izinin likita. Wannan ya fi maganar gwiwa da Pilates gaba ɗaya. Gobe ki shiga kowane farmasi ko asibitin unguwa a auna ki bayan kin zauna kin huta, idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce ki koma wurin wanda ya rubuta miki maganin, sannan ki zo ki gaya mini lambobin kafin Asabar.

Malama, mai tambaya:
In sha Allahu zan duba, Hajiya, sai dai wannan makon muna cikin jarrabawar yara, ba lallai in samu sarari ba. Tanti, shimfiɗar da kika ce, a babbar kasuwa kika saya ko daga Kano aka kawo miki?

Maman Biyu:
Yaya Malama, don Allah ki turo mini bidiyon da ɗiyarki ta aiko, amma wanda babu kiɗa a ciki, kada a ji daga tsakar gida.