Musayar Waƙa a Kan Jack Elam, Mugun Finafinan Kaboyi

Tsohon Akawu:
Assalamu alaikum. Jigon musayarmu na wannan mako shi ne Jack Elam, ɗan wasan Amurka da aka haifa a Arizona a 1920, ya rasu a 2003, bayan ya shafe shekaru fiye da 40 yana fitowa a finafinan kaboyi na silima da talabijin, galibi a matsayin mugu ko mai rakiyar jarumi. Amsa-amonmu "wa" ne.

Yana yaro aka soke shi da fensir a ido,
Na hagun ya mutu, ya tsaya cak ba ya motsawa.
Ya girma ya zama akawu mai riƙe littafin kuɗi
Na kamfanonin fim, kullum lissafi yake bugawa.
Likita ya gargaɗe shi cewa in ya dage da duban lambobi,
Idon da ya rage masa, shi ma zai kai ga rasawa.
Sai ya rufe littafi ya tsaya a gaban kyamara,
Lahanin da ya fitar da shi ofis ya zame masa hajar sayarwa.

Autar Mawaƙa:
Baba, a gafarce ni, ban ga abin yabo ba
Ga wanda ake ɗauka domin a harbe shi, 'yan kallo su yi shewa.
A High Noon na 1952 mashayi ne a ɗakin kaso,
Fim na Gary Cooper ne, shi barci kawai yake sharɓawa.
A Gunsmoke ta talabijin baƙo ne mai zuwa ya tafi,
Yau da wannan suna, gobe da wancan, babu mai riƙewa.

Mai Gyaran Majigi:
Ƙanwata, ki koma 1968, ga fim ɗin Sergio Leone,
Once Upon a Time in the West, ki dubi wurin buɗewa.
Mutum uku ne a tashar jirgin ƙasa, suna dakon wanda za su kashe,
Babu kiɗa, magana kaɗan ce, sai ƙarar fankar rijiya mai juyawa.
Ƙuda ya sauka a fuskar Elam yana yawo gefen leɓe,
Ya yi ta hura masa iska, ƙyuya ta hana hannu ɗagawa.
Da ƙudan ya koma jikin katako, sai ya kifa masa bakin bindiga,
Ya toshe da yatsa, ya kai kunne, yana jin kukansa yana murmusawa.
Jirgi ya iso, Charles Bronson ya sauka ya kwantar da su duka ukun,
Ni kuwa ƙudan nan da idon nan na fito silima ina tunawa.

Autar Mawaƙa:
Yaya, na sallama maka a kan ƙuda, amma da saura:
Haka ya tsufa da mugunta, ko an ba shi damar sauyawa?

Tsohon Akawu:
'Yata, a 1969 James Garner ya liƙa masa lambar ɗan doka,
A Support Your Local Sheriff, inda dariya ce yake bayarwa.
Fuskar da ta saba firgita yara ita ce ta koma abin raha,
Bai canza idon ba, hararar ce ya juya ta zama tsokanar kowa.
A Rio Lobo na 1970 tsoho ne mai gemu buzu-buzu,
Yana gefen John Wayne da bindiga mai baki biyu, ƙaiƙayi yake ya yi harbawa.